Ra'ayinmu: Gurbi, Gado da Guzuri

Kamar yadda aka saba a farkon kowace shekarar karatu, wannan mujalla tana yi wa sababbin ɗalibai barka da zuwa, tsofaffi kuma barka da dawowa. To amma bana gaisuwar ta yi mana nauyi a baki, domin duk wanda ya ratsa ta ƙofar ofishin kula da al'amuran ɗalibai a 'yan makonnin nan ya ga abin da muka gani. Ga akwatuna nan jingine da bango, ga katifu an naɗe an ɗaure da igiya, ga bokitai da risho da ƙullin garin kwaki, masu kayan kuwa suna zaune a kansu tun da hantsi har la'asar sakaliya, suna jiran a gaya musu inda za su kwana. Dukansu an ba su gurbin karatu. Sunayensu sun fito, an yi guɗa a gidajensu, dangi sun zo barka, wasu ma har da sadakar waina. Sai da suka sauka daga mota sa'an nan suka gane ashe takardar da ke hannunsu izni ce kawai ta shiga aji, ba ta ce komai ba game da dare.

Maganar da muke so mu yi guda ɗaya ce. Shiga jami'a abu uku ne a haɗe, watau gurbin karatu, da gadon kwana, da guzurin da zai riƙe ɗalibi har ƙarshen zango. A gidan talaka ba a raba su, gama uba ba zai ce da ɗansa “je ka” ba sai ya san inda zai kwana da abin da zai ci. Amma a tsarin da muke ciki an raba su ofis uku, kowanne da ranarsa, an kuma jera su a baibai. Ana neman ɗalibi ya karɓi gurbi tun bai san nawa zai biya ba, ya biya tun bashin da aka yi masa alkawari bai fito ba, ya iso makaranta tun bai san ko akwai gado ba. Mai hali ba ya jin wannan, don kuɗi na toshe masa kowace kafa. Wanda ba shi da shi kuwa a makance yake taka kowane mataki, kuma kamar yadda za mu nuna, shi ne a ƙarshe yake biyan mafi tsada.

Bari mu faro daga gurbin. Kafin shekarar 1978 kowace jami'a ita ke shirya hanyarta ta ɗaukar ɗalibai, har ya zamana yaro ɗaya mai ƙoƙari yakan sami gurbi a jami'a biyu ko uku, ya zaɓi ɗaya, sauran su tafi a banza alhali kuwa ga wasu can a gida suna nema ido rufe. Don maganin wannan ɓarna ne gwamnatin soja ta wancan zamani ta kafa hukumar JAMB a 1978. Tun daga 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta ɗungurungum, a 2017 kuma aka shigo da tsarin da ake kira CAPS, watau duk gurbin da jami'a za ta bayar sai ya bi ta shafin hukumar, ɗalibi kuma ya shiga da kansa ya danna ko ya karɓa ko ya ƙi. Ba mu raina wannan gyara ba, domin ya rage ɗaukar ɗalibai ta bayan fage. Ƙa'idar rabon a jami'o'in tarayya ita ma sananniya ce: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, waɗanda galibinsu a nan Arewa suke.

Sai dai ƙofar tana da ƙunci ƙwarai. A 2025 fiye da mutum miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu kuwa ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Daga baya ma hukumar ta amsa cewa na'urorinta sun yi tuntuɓe a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, magatakardanta a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara, aka sake kiran mutum 379,997 su zauna wata. Mun kawo wannan ne don a gane halin zuciyar wanda ya kutsa ta cikin irin wannan turmutsutsu, watakila bayan ya gwada sau biyu ko sau uku, ya kuma tsallake tantancewar da jami'a ke yi daga baya. Irin wannan yaro ba shi da bakin cewa a'a. Ya nemi aikin likita an ba shi ilmin tsirrai, ta nemi shari'a an ba ta tarihi, ya nemi jami'ar da ke garin kawunsa an jefa shi wadda sai an yini a mota. Abin da ke gabansa a fuskar kwamfuta sunan makaranta ne da sunan kwas, sai maɓalli biyu. Babu kuɗin rajista a wurin, babu yawan gadaje, babu ranar da za a rufe biya. In ya danna karɓa, sauran ƙofofi sun rufu a gare shi a wannan shekara. Mai ba shi shawara a wannan babbar rana kuwa, sau da yawa, yaron shagon intanet ne, wanda kuɗin aikinsa kawai yake jira don na baya ya zauna.

A nan za mu ɗan ratse mu yi magana da ƙannenmu da ke sakandare, tun da mun san mujallar nan takan kai hannunsu lokacin hutu. Babu kwas ɗin da ya zama abin kunya, kuma ƙasar nan tana bukatar masanin tsirrai kamar yadda take bukatar likita. Amma kada wani ya ruɗe ku da cewa “karɓi kawai, in ka shiga ka canja.” Canjin kwas yana da sharuɗɗa masu tsauri, musamman zuwa fannonin da kowa ke rububi, mu da muke ciki mun ga waɗanda suka shiga da wannan buri suka gama ba tare da ya cika ba. Sa'an nan ku sani nisa kuɗi ne. Makarantar da kake da ɗan'uwa a garinta, ko wadda za ka iya zuwa gida ka ɗebo hatsi ka koma a yini ɗaya, tana iya fiye maka wadda ta fi ta suna.

Yanzu sai batun kuɗi. Gwamnatin Tarayya takan ce karatu kyauta ne a jami'o'inta, kuma a kan takarda haka ne, tun da an soke kuɗin koyarwa a 1977. Abin da muke biya wasu sunaye aka sa masa: kuɗin rajista, na jarrabawa, na laburare, na asibiti, na wasanni, na ɗakin gwaje-gwaje, na katin shaida, sabon ɗalibi kuma a wurare da yawa har da kuɗin amincewa da gurbin da aka ba shi. Uban da ya sayar da buhunan masararsa tun kafin su yi daraja bai damu da sunan da aka rubuta a rasit ba. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, jami'o'in tarayya da yawa sun ninka waɗannan kuɗaɗe, wasu har sau uku ko fiye. Abin ya kai ga cewa a watan Agusta na wannan shekara gwamnatin Jihar Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero. Abin yabo ne, amma ya kuma nuna zurfin ramin, domin a jiha ɗaya ke nan, a jami'a ɗaya.

Adalci ya sa mu faɗi cewa hukumomin jami'a su ma ba a kan katifa suke kwance ba. A watan Afrilu na 2024 an ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga masu layin da ake kira rukunin A, jami'o'i da yawa kuwa a nan aka sa su. Ga man janareta, ga ruwa, ga gyaran gine-ginen da suka girmi malaman da ke koyarwa a cikinsu. Ba mu ce kada a biya komai ba. Tambayarmu ita ce, me ya hana a faɗi adadin tun ranar da aka ba da gurbi?

Da aka ga kuka ya yi yawa sai aka zo da bashin karatu. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yuni na 2023, amma ta zo da sharuɗɗan da suka kore waɗanda aka yi ta dominsu, kamar kawo masu tsaya wa mutum guda biyu daga cikin manya, da kuma cewa kada abin da gidan ke samu a shekara ya kai naira 500,000. Aka sake ta a watan Afrilu na 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu na wannan shekara. Tsarin shi ne asusun ya biya makaranta kuɗinta kai tsaye, ya kuma riƙa ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata don abin masarufi. Babu kuɗin ruwa a ciki, wannan kuwa ya kwantar da hankalin iyaye da yawa da ke gudun riba. Biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Mu a ganinmu wannan alheri ne, akwai kuma 'yan'uwanmu a ajujuwan nan waɗanda ba don shi ba da tuni sun koma gida.

Amma fa a duba yadda yake riskar sabon ɗalibi. Da farko sai mai lambar ɗalibta ne ke iya nema, ita kuwa ba a samunta sai an yi rajista, rajista kuma ba ta yiwuwa sai an biya. Watau sai ka haye kogin sa'an nan a turo maka kwalekwale. A ƙarshen 2025 an sassauta, aka yarda sabon shiga ya nema da lambarsa ta JAMB, kuma mun yaba. Duk da haka sai makaranta ta aika da sunansa, sai an tantance, sai an amince, sai kuɗin ya fito, abin da yakan ɗauki makonni ko watanni, ranar rufe rajista kuwa ba ta jiran kowa. Saboda haka uba yakan je ya ciwo bashi a unguwa, ko ya sayar da akuyar uwar yaro, ya biya, da fatan in na gwamnati ya fito makaranta za ta mayar masa. A 2025 jaridu sun cika da koke-koken cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin asusun bayan ɗalibai sun riga sun biya da kansu, mayarwar kuma ta zama jan aiki, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Naira 20,000 ɗin nan kuma, in ka raba ta kwana talatin, ba ta kai naira 700 a yini ba. Kowa ya san abin da wannan ke saya a wurin mai shayi. Kuɗin hayar ɗaki a cikin gari kuwa ba ya cikin lissafin sam.

Wannan ya kawo mu ga gado, inda duk abin ya haɗu ya ƙulle. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa don binciken bukatun jami'o'i a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya ba da rahoto a 2012 cewa gadajen da ke jami'o'in gwamnati ba su wuce na ɗalibi ɗaya cikin goma ba, ko kusa da haka. Tun daga lokacin ɗalibai sai ƙaruwa suke yi, yajin aikin malamai na wata takwas a 2022 kuma ya sa wasu jami'o'i sun haɗa ɗaukar shekara biyu wuri ɗaya. To a inda abu ya yi ƙaranci haka, yadda ake rabonsa shi ne komai. A nan makarantarmu ƙa'idar ita ce ba ka neman gado sai ka gama rajista, kuma wanda ya riga shi ke samu. Ranar da aka buɗe shafin, kafin wanda ke ƙauye ya sami inda waya ke kamawa, an ce gadaje sun ƙare. Wa ya riga? Wanda ubansa ya biya a ranar farko ba tare da ya tambayi kowa ba. Wa ya makara? Wanda ya tsaya jiran bashi, ko jiran ranar kasuwa, ko jiran yayansa ya karɓi albashi. Sakamakon shi ne ɗan mai hali ya kwana a gado mai arha cikin makaranta, kusa da aji da laburare da famfo, ɗan talaka kuma ya fita cikin gari ya kama haya mai tsada.

A lissafa abin da wannan haya ta ƙunsa. Mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, wuta sai an yi karo-karo, kullum kuma sai an biya mai adaidaita sahu zuwa da dawowa. Laccar ƙarfe takwas ta safe takan wuce shi yana bakin titi. Karatun dare a laburare ya haramta gare shi, don in ya kai goma babu abin hawa, hanyar kuma ba ta da aminci. Wanda ya kasa wannan sai ya zama ɗan raɓe, ya shimfiɗa tabarma a ɗakin ɗan garinsu, ɗakin da aka gina don mutum huɗu ya ɗauki takwas ko goma, banɗakin da ya ishi ashirin ya koma na ɗari. Akwai kuma waɗanda muka sani, ba za mu kama suna ba, da ke kwana a kan benci a ɗakin lacca, su yi wanka kafin asuba a bayan gini, su ajiye akwatinsu wurin mai gadi. A ƙarshen zango za a auna su da ma'auni ɗaya da wanda ya kwana a kan gado, a ce wannan ya fi wancan ƙoƙari.

Namiji ke nan. Ita mace abin ya fi haka muni, kuma a nan ne Arewa take asarar da ba ta shiga kowane littafin lissafi. Ɗayanmu a kwamitin wannan mujalla ya yi sakandare a gari ɗaya da wata yarinya da ta fi duk sa'o'inta maki, ta sami gurbi a fannin harhaɗa magunguna, aka yi ta murna. Mahaifinta ya rako ta da kansa, suka kwana biyu suna zarya tsakanin ofisoshi, a ƙarshe aka ce babu gado, sai dai ta nemi ɗaki a waje. Ya je ya duba unguwar, ya ga gidan ba ƙofar kirki, ba wani babba a ciki, ya ɗauki akwatinta ya sa a mota suka koma. Kada wani ya yi saurin cewa ƙin boko ne. Mutumin da ya biya kuɗin jarrabawa sau biyu, ya bar gonarsa ya yi doguwar tafiya, ba maƙiyin ilmi ba ne. Yana da rediyo, ya kuma ji abin da ya faru a watan Satumba na 2023, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashe fiye da ashirin, galibinsu mata. Ya ji kuma ba a yi mako biyu ba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Duka biyun a wajen makaranta aka yi su. Shekara da shekaru ana yi wa iyayenmu wa'azin su bar 'ya'ya mata su yi karatu mai zurfi. To ga shi sun bari, sun kawo su har bakin ƙofa, mu ne muka kasa ba su wurin kwana.

Masu karatu da suka manyanta za su tuna cewa wannan rigima ta gado da abinci ba yau ta fara ba. A watan Afrilu na 1978, shekarar da aka haifi JAMB, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara sule biyar a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, ta mai da kuɗin ɗaki naira 90 a shekara. Ɗalibai suka tashi a duk faɗin ƙasa a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NUNS da shugabanta Segun Okeowo, suna neman Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. An rasa rayuka a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Ba mu ɗauko wannan tarihi don mu zuga kowa ba, jinin da ya zuba ya isa. Abin lura a ciki shi ne, a wancan zamani gwamnati da ɗalibai sun yi saɓani a kan farashi, amma babu wanda ya yi musun cewa kwana da ci suna cikin karatu. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye hannu daga ciyarwa. Kuɗin gadon nan na naira 90 kuwa ya daɗe a kan takarda har ya zama abin dariya, ba ya sayen ko kwan fitila, ɗakunan suka lalace, sababbi ba su taso daidai da yawan jama'a ba. A 1978 jami'o'i 13 ne a Nijeriya, yau sun haura 250, saboda haka ba mu mafarkin a dawo da zamanin tikitin abinci da kaza ranar Lahadi. Amma tunanin nan na cewa wanda ka kira karatu kai ke da alhakin sanin inda zai kwana, bai kamata a ce ya tafi tare da kazar ba.

Ba za mu nuna wa wasu yatsa mu manta sauran yatsun suna kallonmu ba. A cikinmu akwai masu kama gado alhali gidansu na cikin gari, don kawai su sayar wa sabon ɗalibi da ninkin kuɗinsa sau biyar ko goma. Kowa ya san su, kowa ya san lungun da ake cinikin. Akwai kuma gadajen da akan keɓe wa shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, har da tamu, waɗanda ba kullum suke ƙarewa a hannun masu bukata ba. Ƙungiyar da ke cin wannan abinci ba ta da bakin yi wa hukuma faɗa. Haka nan batun bashi. An taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, ta durƙushe musamman saboda waɗanda suka ci ba su biya ba, bankin ilmi da aka yi wa doka a 1993 shi ma bai je ko'ina ba. In muka ɗauki na yanzu a matsayin rabon ganima, ƙannenmu ne za su zo su tarar da rijiya ta ƙafe.

Ku kuma yayyenmu da kuka fita kuka kama aikin gwamnati, mun san da yawanku ku ne iyayen ƙannenku a wannan fage. Albashi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, a jami'o'i da yawa kuwa kuɗin rajistar ɗalibi ɗaya ya fi wannan, tun ba a zo ga haya ba. Mun san irin daren da kuke yi kuna lissafi. Amma kuma ku ne ke zaune a teburorin da takardunmu ke bi. Ku ne a sakatariyar ƙaramar hukuma inda ake karɓar takardar shaidar ɗan asali, ku ne a hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi, waɗanda kuɗinsu kan fito, in ma ya fito, bayan an gama jarrabawar da aka nema dominta. Fayil ɗin da ya kwana mako uku a kan tebur yana iya zama gadon da wata ta rasa. Ba mu roƙe ku ku karya doka ba, roƙonmu ku tuna ranar da ku ma kuka zauna a kan akwati.

Abin da muke nema wurin hukumar jami'a ba ya bukatar a aza tubali ko ɗaya, ko da yake gina sababbin ɗakuna, musamman na mata, shi ne maganin dindindin, kuma muna kira ga gwamnati da attajiranmu da tsofaffin ɗalibai su dube shi. Kafin nan, a haɗa kowane gurbi da takarda guda mai bayyana jimillar abin da ɗalibi zai biya a kwas ɗinsa, da ranar rufewa, da yawan gadajen da aka tanada wa sababbin shiga maza da mata, domin uba ya yi shawara idonsa a buɗe tun yana gida. Ɗalibin da ya nuna shaidar ya nemi bashin NELFUND a bar shi ya yi rajista ta wucin gadi, ya shiga aji, ya kuma shiga layin gado daidai da wanda ya biya, in kuɗin ya iso a cike gurbin. Rabon gadon kansa a daina yinsa da tseren wanda ya riga. A fara da naƙasassu, da mata 'yan shekarar farko, da waɗanda suka fito daga nesa, abin da ya rage a yi ƙuri'a a bainar jama'a, a kuma liƙa sunayen a allo inda kowa zai gani, don mai sayarwa ya rasa inda zai ɓuya. Gidajen hayar da ke kewaye da makaranta kuwa a san da su, a rubuta masu su, a duba ƙofofinsu da katangunsu, a ba sabon ɗalibi jerin waɗanda aka amince da su maimakon a bar shi a hannun dillalai.

A namu ɓangaren, kwamitin wannan mujalla ya rubuta wa ofishin kula da al'amuran ɗalibai yana neman alƙaluma uku: gadaje nawa ne a makarantar nan, nawa aka keɓe kafin a buɗe shafin, kuma ga su wa. Mun kuma nemi shugabannin ƙungiyarmu su ba mu lissafin nasu kason. Mun ware shafi na biyu na fitowa mai zuwa don amsoshin. In sun iso za mu buga su yadda suke, ba ƙari ba ragi, in kuwa ba su iso ba za mu bar shafin fari, da kwanan watan da muka kai wasiƙar a samansa.